Tarihin Suƙuraɗu, Malamin Birnin Atina

Waɗansu daga cikinmu sun fara jin sunan Suƙuraɗu tun ba su san inda ƙasarsa ta ke a taswira ba, gama littattafan Larabci su kan ambace shi tare da Aflaɗun da Arisɗo, cikin jerin masu hikima na ƙasar Yunan, wadda a ke kira Girka. Marubutan Larabawa sun ba shi girma ƙwarai. Alkindi, malamin Bagadaza, ya tattara zantuttukansa, Shaharastani kuwa ya siffanta shi da mai gudun duniya, wanda ya hana manyan zamaninsa bautar gumaka, har suka zuga talakawa, suka tilasta wa sarki ya ɗaure shi ya ba shi dafi. Waɗansu ma sun ce cikin randa ya ke kwana, amma a nan sun gama shi ne da wani mutum dabam mai suna Diyojinis, wanda ya zo bayansa.

In da sarki ne ya kashe shi, da labarin bai dame mu ba, don sarakunan da suka kashe malamai saboda magana ba su ƙidayuwa. Abin da ya sa muka zaɓi mu rubuta tarihinsa shi ne, a zamanin nan babu sarki mai mulki a Atina. Talakawan gari ne suka yi masa shari'a, su ne kuwa mutanen da suka fi kowa alfahari a duniyar lokacin da cewa a garinsu kowane ɗa yana da ikon faɗin abin da ke ransa. Shi kansa bai rubuta ko layi ɗaya ba. Abin da muka sani nasa ya zo mana daga almajiransa biyu, Aflaɗun da Zenofon, da kuma wani mai shirya wasan kwaikwayo, Aristofanis, wanda ya mai da shi abin dariya.

An haife shi wajen shekara ta 470 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihissalamu. Sai mai karatu ya tuna, shekarun wancan zamani da baya da baya a ke ƙirga su, watau 399 tana bayan 470. Ubansa mai sassaƙa dutse ne, uwarsa ungozoma. Ya kan ce sana'ar uwarsa ya gāda, sai dai ita mata ta ke taimako su haihu, shi kuwa samari ya ke taimako su haifi tunanin da ke cikinsu, sa'an nan a duba a ga ko ɗa ne ko ɓari. Ya auri wata mata mai suna Zantibi, wadda aka yi ta ba da labarin zafin ranta. Mu dai ba mu ga laifinta sosai ba, gama mijin da ya ke fita tun da sassafe ya wuni kasuwa yana tambaye-tambaye, ya komo hannu rabbana, ga 'ya'ya uku a gida, ba kowace mace za ta tarye shi da murmushi ba.

Ga yadda mulkin Atina ya ke a zamaninsa. Duk namiji baligi, ɗan asalin gari, yana da wurin zama a babban taro da a ke yi bisa wani tudu kusa da kasuwa. In an taru sai mai shela ya tashi ya tambaya ko akwai mai son magana, majemi da maƙeri da attajiri duk ɗaya ne, wanda ya ga dama ya miƙe. In an gama sai a ɗaga hannu, abin da ya rinjaya shi ne doka. Yawancin muƙamai kuwa da ƙuri'ar wake a ke ba da su, wanda rabonsa ya tsaga ya riƙe shekara guda ya sauka. Amma kada a ɗauka kowa da kowa ne. Mata ba su da baki a taron, bayi ba su da shi, baƙi mazauna gari ma haka, su ne kuwa suka fi yawa nesa ba kusa ba.

Suƙuraɗu mummuna ne a fuska, mai shimfiɗaɗɗen hanci da manyan idanu da tumbi. Ba ya sa takalmi, mayafinsa guda ne rani da hunturu. Bai taɓa buɗe makaranta ba, bai kuwa karɓi ko anini daga wurin kowa ba, alhali a lokacin akwai malamai masu yawo gari gari suna koya wa 'ya'yan masu kuɗi iya magana da tsada. Asalin aikinsa, yadda shi ya ba da labari, wani abokinsa ne ya tafi babban ɗakin tsafin Yunaniyawa da ke Delfi, ya tambayi matar da ke duba a wurin ko akwai wanda ya fi Suƙuraɗu hikima, aka ce masa babu. Da maganar ta iso shi sai ta ɗaure masa kai, don ya san bai san kome ba. Sai ya ɗaura niyyar neman wanda ya fi shi. Ya bi masu mulki, ya bi mawaƙa, ya bi masu sana'a. Ya kan zo kamar mai neman ƙaruwa, ya tambayi mutum mene ne adalci, ko mene ne jaruntaka. In an ba shi amsa sai ya yaba, kana ya yi wata 'yar tambaya, ya ƙara wata, har mutum ya iske bakinsa ya ƙaryata abin da ya faɗa da fari. Daga ƙarshe ya gane fifikonsa ɗaya ne rak, shi ya san bai sani ba, su kuwa ba su sani ba, suna tsammani sun sani.

To, a bainar jama'a a ke wannan, a kasuwa da wuraren wasan motsa jiki, samari 'ya'yan manya suna tsaye suna dariya. Su kan koma gida su gwada dabarar a kan iyayensu. Duk wanda ya taɓa ganin an kunyata dattijo gaban yara ya san irin ƙullin da ke zama a zuci, ba ya kuwa kwancewa da shekara goma.

Ba matsoraci ba ne, ko maƙiyansa ba su ce haka ba. Sa'ad da Atina ta shiga rigingimun da suka kai ga dogon yaƙinta da Siparta, wanda aka yi daga 431 zuwa 404, ya fita yaƙi sau uku cikin dakaru masu garkuwa da mashi. A Fotidiya ya tsaya kan wani saurayi da aka yi wa rauni, ya cece shi da makamansa. A Deliyum, shekara ta 424, da rundunar Atina ta watse, an gan shi yana ja da baya a hankali, yana dube-dube, har abokan gāba suka ga wannan ba na taɓawa ba ne. Saurayin nan da ya ceta sunansa Alkibiyadis, za mu sake gamuwa da shi.

A shekara ta 423 Aristofanis ya nuna wasansa mai suna Gizagizai a gaban dubban mutanen gari. A ciki an sa Suƙuraɗu cikin kwando yana lilo a sama, wai yana binciken rana, ya musanta babban abin bautar gari, yana da makaranta inda a ke biyan kuɗi a koyi yadda a ke mai da ƙarya gaskiya. Wani tsoho mai bashi ya kai ɗansa don ya koyi hanyar cinye bashin, ɗan ya fito ya lakaɗa wa uban dūka, ya kuma kawo hujja cewa daidai ya yi. Aka rufe wasan da tsohon yana cinna wa makarantar wuta. Kusan duk abin da ke ciki ƙage ne, amma zambo ya fi wa'azi saurin shiga kunne, wannan kuwa mun san shi daga maroƙanmu. Ba wanda ya kai Aristofanis ƙara. Yaran da suka yi dariya ran nan su ne dattawan da suka zauna shari'a bayan shekara 24. Ashe sakin baki ne ya fara cutar mutumin da daga baya aka kashe saboda sakin baki.

Daga nan al'amura suka yi ta lalace wa Atina. Annoba ta riga ta cinye mutane da yawa tun 430, har da shugabansu Ferikilis. A 415 Alkibiyadis, wanda ya zama sarkin yaƙi, ga kyau ga dukiya ga zaƙin baki, ya rinjayi taro aka aika da babbar runduna tsibirin Sisili. Kafin jirage su tashi aka wayi gari an farfasa gumakan da ke ƙofofin gidaje, aka kuma tuhumce shi da yi wa asirin addinin gari ba'a a gidan shaye-shaye. Da aka aika ya komo a yi masa shari'a sai ya tsere wurin Siparta, ya tona musu lagon garinsu. Rundunar Sisili ta hallaka ƙaf a 413. Kowa ya san wannan mutum ya daɗe yana bin Suƙuraɗu.

Sau biyu aka gwada malamin a shekarun nan, ya kamata mu lura da su, domin su ne suka nuna ba ɗan ƙungiyar kowa ba ne. A 406 Atina ta ci wani yaƙi a teku, amma hadiri ya hana a tsamo mutanen da jiragensu suka nutse. Taro ya fusata, aka ce a yanke wa sarakunan yaƙin hukunci gaba ɗaya da ɗaga hannu guda, abin da ya saɓa wa dokar gari, gama doka ta ce kowa a ji nasa dabam. Ya zamana ƙuri'a ta sa Suƙuraɗu cikin masu shugabancin taro a lokacin. Jama'a suka yi ta ihu suna barazana, sauran abokan aikinsa suka ji tsoro suka sakar musu, shi kaɗai ya ƙi. Bai hana kome ba, aka kashe shida, har da ɗan Ferikilis.

Na biyu kuwa bayan da Siparta ta ci gari a 404, ta ɗora mutum 30 bisa mulki. Cikin wata takwas suka kashe wajen mutum 1,500, suka ƙwace dukiyarsu. Mafi mugunta cikinsu shi ne Kiritiyas, shi ma tsohon mai zama wurin Suƙuraɗu ne, dangin Aflaɗun kuma ta wajen uwa. Zenofon ya ce da malamin ya kwatanta su da makiyayin da garkensa ke raguwa kullum, sai suka kira shi suka hana shi magana da duk wanda bai kai shekara 30 ba. Daga baya suka kira shi da waɗansu mutum huɗu, suka umurce su su tafi Salamis su kamo wani mai suna Liyon a kashe, don su shafa wa mutane da yawa jinin da ke hannunsu. Huɗun suka tafi, shi ya yi gida abinsa. In da mulkin ya daɗe da sun kashe shi. Amma fa mutanen gari sun riƙe wani abu, watau sa'ad da masu son mulkin jama'a suka yi gudun hijira suka yi yaƙi, shi yana cikin birni, bai kuwa je ya gargaɗi Liyon ba.

A 403 masu hijira suka komo, Kiritiyas ya mutu a fagen fama, aka mai da mulkin jama'a. Suka yi wani abu mai kyau ƙwarai, suka rantse ba za a tuhumci kowa da abin da ya wuce ba, ban da shugabannin zaluncin. Saboda rantsuwar nan ba mai ikon kai Suƙuraɗu ƙara don ya koyar da Kiritiyas. Sai aka nemi wata ƙofa.

A shekara ta 399, yana da shekara 70, mutum uku suka kai ƙararsa: Melitus, wani saurayi da ba a san shi ba sosai, da Likon, da Anitus. Anitus shi ne ƙashin bayan ƙarar. Mai gidan jima ne, yana cikin shugabannin da suka yi hijira suka yi hasarar dukiya, suka komo da takobi. Ba azzalumi ba ne, mutum ne da ya ga garinsu ya faɗi, yana tsoron ya sake faɗuwa. Zenofon ya ƙara da cewa akwai ta ciki, wai malamin ya taɓa ba shi shawara kada ya tsare ɗansa a wurin jima. Laifin da aka rubuta uku ne, cewa ba ya girmama abubuwan bautar da gari ke girmamawa, yana shigo da waɗansu sababbi, yana kuma ɓata samari. Hukuncin da suka nema kisa ne. Maganar sababbin abin bauta ta samo asali daga abin da ya kan faɗa, cewa tun yana yaro akwai wata murya da ya kan ji a ransa, ba ta taɓa sa shi yin abu ba, sai dai ta hana shi.

Shari'ar Atina ba irin ta alƙali da muhuti ba ce. Mutum wajen 500 aka zaɓo da ƙuri'a daga talakawan gari, a kan biya su ɗan ladan wuni. Ba mai yi musu bayanin doka, ba su shawara da juna, ba kuma ɗaukaka ƙara. Kowane gefe a kan auna masa lokaci da tukunya mai huda, in ruwa ya tsiyaye magana ta ƙare, dukan abin kuwa wuni ɗaya ne. Al'ada ce wanda a ke tuhuma ya kawo matarsa da 'ya'yansa su yi kuka. Suƙuraɗu ya ƙi, ya ce roƙon alƙali koya masa karya rantsuwa ne.

Ya fara da cewa masu ƙararsa na da, watau masu tsegumi da mai wasan nan, sun fi na yanzu haɗari, don ba shi da hanyar kiransu ya yi musu tambaya. Sa'an nan ya juya kan Melitus. Ya bi da shi har ya ce malamin bai yarda da kowane abin bauta ba sam, alhali takardar ƙararsa ta ce yana kawo sababbi. Da Melitus ya ce ai yana koyar da cewa rana dutse ce, sai ya tuna masa wannan maganar Anaksagoras ce, littafinsa yana nan a kasuwa, dirhami guda a ke sayar da shi. Kalmar nan dirhami ma daga sunan kuɗinsu ta samo asali. Ya nuna iyaye da 'yan'uwan samarin da ke binsa, ga su nan zaune, ya ce in ya ɓata wani su tashi su faɗa. Ya ce shi bai taɓa zama malamin kowa ba, kowa ya zo ya kan yi magana da shi, saboda haka ba a ɗora masa kyan halin wani ko muninsa.

In da ya tsaya nan, mai yiwuwa ne da ya kuɓuta. Amma sai ya ce musu garinsu kamar babban doki ne mai asali da ƙiba ta sa shi nawa, shi kuwa bobuwa ce da aka aiko ta riƙa cizonsa don kada ya yi barci. Ya ce ko da za su sake shi bisa sharaɗin ya yi shiru, ba zai yi ba, gama umurnin Ubangiji ya fi nasu. Aka jefa ƙuri'a, aka same shi da laifi, amma da ƙyar, har shi kansa ya lura cewa in da mutum 30 sun sāke gefe da ya fita.

Dokarsu ta ce wanda aka kama da laifi ya faɗi hukuncin da ya ga ya dace da shi, masu shari'a su zaɓi ɗaya tsakanin nasa da na mai ƙara. Kowa ya ɗauka zai ce a kore shi daga gari, da kuwa an karɓa, wataƙila ma abin da Anitus ke so ke nan tun farko. Sai ya ce in don abin da ya cancanta ne, to a riƙa ciyar da shi kyauta a gidan baƙin gari, yadda a ke yi wa waɗanda suka ciwo tseren dawaki. Kora kuwa ba ta da amfani, duk inda ya je zai yi magana, za a sake korarsa. Daga ƙarshe, da matsawar abokansa, har da Aflaɗun da Kirito, ya yarda da tarar dirhami 3,000, su za su tsaya masa. Kuɗi ne mai yawa, ya kai ladan ma'aikaci na wajen shekara takwas, amma ya zo a makare. Aka yanke masa kisa.

A nan ne gardama ta ke, ba mu kuwa ga ta ƙare ba tsakanin masu karanta labarin. Masu goyon bayan mutanen Atina su kan ce baki shi ke yanka wuya, ba kuwa wuyan mai shi kaɗai ba. Mutumin nan ya shekara 30 yana gaya wa 'ya'yan masu kuɗi cewa wauta ce a zaɓi mai mulki da wake, tun da ba mai zaɓen matuƙin jirgi ko magini haka. Biyu daga cikin masu saurarensa suka ɗauki maganar, ɗaya ya ci amanar gari, ɗaya ya yi wa mutane yankan rago. Ba zato ba ne cewa wannan ne ainihin dalilin, don bayan kamar shekara 50 wani mai iya magana, Iskinis, ya faɗa wa masu shari'ar Atina a fili cewa sun kashe Suƙuraɗu ne domin shi ya koyar da Kiritiyas. Garin da ya sha wuya irin wannan, in ji su, yana da ikon tsare kansa. Kowace al'umma tana da iyaka. Mu ma shari'armu ta hana giba da annamimanci, ta sa bulala 80 ga mai ƙazafi.

Wannan hujja tana da nauyi, musamman gare mu da za a danƙa wa 'ya'yan mutane, gama malamin da ya ce ba ruwansa da abin da maganarsa ta zama cikin kan yaro bai faɗi gaskiya duka ba. A nan muna ganin Suƙuraɗu ya sauƙaƙa wa kansa. Wanda ya rushe wa saurayi abin da ya gāda, bai tsaya ya ga an gina wani a wurin ba, ya bar kango, kango kuwa kowane irin abu ya kan shiga.

Duk da haka ba mu tare da masu hukuncin. Ƙazafi ƙarya ce da a ke jifan wani mutum sananne da ita, cutarta a bayyane ta ke, ana kuma neman shaidu. Suƙuraɗu bai yi wa kowa ƙage ba, bai ce a ɗauki makami ba, ba a kawo mutum ɗaya da ya ce ga ranar da ya sa shi mugun aiki ba. An hukunta shi da laifin waɗansu, ta bayan rantsuwar da gari ya yi. In za a kashe malami don Kiritiyas, sai a ba shi lada don Aflaɗun da Zenofon. Wani malamin Ingila, Jon Situwat Mil, a littafin da ya buga a 1859 kan 'yanci, ya kawo wannan shari'a don ya nuna mutanen kirki ma su kan yi kuskure in sun hana magana. Ya sa iyaka inda cuta ta ke a fili. Misalinsa shi ne, a bar mutum ya rubuta a jarida cewa masu ɓoye hatsi su ke kashe talakawa da yunwa, amma in ya faɗi haka ga taron da ya fusata a ƙofar gidan mai hatsi, a kama shi. Bisa wannan ma'auni babu taro a ƙofar kowa ran da Suƙuraɗu ke tambayoyinsa. Mu kuma ba baƙin irin wannan ba ne a tarihinmu. A zamanin Halifa Mansur an yi wa Imamu Malik bulala a Madina domin ya ce sakin wanda aka tilasta ba ya aukuwa, mutane suka auna mubaya'ar dole da wannan fatawa. Ba wanda ke tuna mai bulalar da alheri.

Ba a kashe shi nan da nan ba. Kowace shekara Atina ta kan aika da jirgi na ibada zuwa tsibirin Dilos, ba a kuwa kashe kowa sai ya komo. Ya zamana an fara hidimar jirgin ana gobe shari'a, saboda haka ya yi kwana 30 a kurkuku, da mari a ƙafa, abokansa suna zuwa kullum ana ta tambaya da amsa kamar a kasuwa. Har ya shiga mai da tatsuniyoyin Isof waƙa, abin da bai taɓa yi ba.

Da jirgi ya kusa, Kirito, abokinsa tun ƙuruciya, mai dukiya, ya zo tun da asuba ya gaya masa an shirya kome, an san yadda za a yi da masu gadi, akwai masu karɓarsa a ƙasar Tasaliya. Ya haɗa shi da 'ya'yansa, ya ce mutane za su zagi abokansa su ce sun fi son kuɗi da shi. Suƙuraɗu ya ƙi. Ya ce ba a rama cuta da cuta. Dokokin garin nan su suka ɗaura auren iyayensa, suka rene shi, ya shekara 70 a ƙarƙashinsu bai tashi ba, alhali ƙofa a buɗe ta ke. Ɗan gari ko dai ya rinjayi gari da hujja, ko ya ɗauki abin da aka yanke masa, in kowa ya tsere wa hukuncin da bai gamshe shi ba, gari ya rushe. Waɗansu suna ganin wannan ya saɓa da abin da ya faɗa gaban shari'a. Mu ba mu ga saɓani ba. Bakinsa ne ya hana su, wuyansa kuwa ya ba su, can ya sa tasa iyakar.

Ran ƙarshe aka kawo Zantibi da ƙaramin ɗansu, ta yi ta kuka, ya roƙa a kai ta gida. Aflaɗun ba ya nan, ba shi da lafiya. Suka wuni suna magana kan ko rai yana wanzuwa bayan mutuwa. Da la'asar ya shiga ya yi wanka, don kada ya bar wa mata wahalar wanke gawa, ya yi sallama da iyalinsa. Ma'aikacin kurkuku da ya zo sanar da shi lokaci ya yi ya juya yana hawaye. Kirito ya ce ai rana ba ta gama faɗuwa ba, waɗansu su kan jinkirta su ci su sha, ya ce shi ba zai mai da kansa abin dariya don ɗan abin da ya rage ba. Aka niƙa dafin wani tsiro aka kawo a ƙoƙo, ya tambayi yadda a ke yi, ya yi addu'a, ya shanye. Abokansa suka fashe da kuka, ya tsawata musu. Ya yi ta zagawa har ƙafafunsa suka yi nauyi, ya kwanta, sanyi ya riƙa hawa daga ƙafa. Maganarsa ta ƙarshe ita ce ya tuna wa Kirito ana binsu zakara guda na baiko ga abin bautarsu na warkarwa, kada a manta a biya. Kirito ya rufe masa ido da baki.

Aflaɗun yana da wajen shekara 28 a lokacin. Ya bar Atina, ya yi yawo, ya komo ya kafa makarantarsa wajen 387, ya ƙare ransa yana rubuta littattafai da malaminsa a ciki. Bai yafe wa mulkin jama'a ba har ya mutu. A littafinsa na tsarin birni nagari ya ce masu mulki su tace waƙoƙi da tatsuniyoyi, a kori mawaƙin da bai bi ba, a bakin Suƙuraɗu kuwa ya sa wannan magana. A littafinsa na ƙarshe, na dokoki, ya tsara cewa wanda ya yi kuskure cikin al'amarin addini a tsare shi a gidan horo shekara 5 ko fiye, kada kowa ya yi magana da shi sai masu gyara masa tunani, in ya fito ya koma a kashe shi.

Almajirinsa Arisɗo shi ma ya koyar a Atina shekaru da yawa. A 323, da labarin mutuwar Iskandari ya iso, mutanen gari suka tasar wa duk mai alaƙa da Makidoniya, aka kai ƙararsa da irin laifin nan na rashin girmama abin bauta. Shi bai tsaya jiran shari'a ba. An ce ya faɗa ba zai bar Atina ta yi wa hikima laifi sau biyu ba. Ya haye zuwa Kalkis, garin dangin uwarsa, can ya rasu a shekara ta 322.